Kifin Kyalla

"Karɓi taɓaryar nan, Mubaraka, numfashina ya ɗauke," in ji maƙwabciyata Inna Kellu. Ta jingina da danga tana tari. Na leƙa turmin, na ga busasshen kifi ne, har kai da ƙaya.

"Inna, miya za a yi?"

"Wace miya? Na Kyalla ne."

Kyalla saniyarta ce, ita kaɗai ta rage mata tun rasuwar mijinta. Bazarar nan harawa ta ƙare da wuri a Kwaya, sai karan gero, nono ya janye. Ga jikarta Amira, marainiya ko yaye ba ta kai ba, cikinta ba ya riƙe komai sai madarar Kyalla.

Nasiru likitan dabbobi ne ya tsaya da moto, wato babur, ranar kasuwa, ya duba saniyar. Ya ce a tumbinta akwai ƙananan halittu masu narkar da kara, in ba su samu abinci mai gina jiki ba, karan wucewa zai yi a banza. Ya ce a zuba mata garin jini na mahauta ko garin kifi cikin dusa.

"Jini kam ba na ba ta," Inna ta ce. "Kifi, in ta yarda."

Da farko Kyalla ta shinshina ta kau da kai. Inna ta riƙa ɗiba a tafin hannu da ɗan gishiri, tana lallashinta kamar yaro, har ta saba. Kafin damina ta faɗi, ƙwarya ta soma cika. Amira ta yi kumatu.

Sai daga baya na gane kifin nan ɗanta Laminu ke aiko mata daga Dungass, don ta sha romo ta ji ƙarfin jiki.

"Haba Inna, ke fa aka aiko wa."

"Kar ki gaya masa. In na sha, cikina kaɗai ya sha."

Ranar Juma'a da safe ta gama tatsa, ta miƙo mini ƙwaryar ta saman danga, ta ce in tafasa wa yarinya. Da na fito, na tarar da ita zaune a gindin turke, kanta a sunkuye. Muka ɗora ta a amalanken jaki za mu gidan likita. Ba mu kai bakin hanyar Magarya ba ta cika.

Bayan an kai ta makwanci, Kyalla ta hana nono. Na gwada, matar Laminu da ta zo zaman makoki ta gwada, sai harbi. Amira na ta kuka a bayana. Na shiga ɗakin Inna, na ɗauko zanenta da ba a wanke ba, na yafa, na tsuguna.

Kyalla ta juyo ta daɗe tana shinshina kafaɗata. Sannan ta tsaya cik. Madara ta fara sauka a ƙwarya, siririya.