Kilo Ashirin da Bakwai

Shekara ashirin da shida na yi ina hawa doguwar kujerar alƙalancin wasan tanis, bayan aikina na koyar da kimiyya. A kwas ɗin koyon alƙalanci an ce mana ido ne alƙali. Ban taɓa yarda ba. Kunne yakan riga ido sanin inda ƙwallo za ta faɗa. Yanzu da yanar ido ta rufe mini idon dama, na hagun ma ya kama hanya, kunnen ne ya rage mini. Ina zama a benci na biyu daga raga, ƙarƙashin rumfar kwano, in ga fararen abubuwa suna kai da kawowa kamar wanki a kan igiya. Sauran kuwa jin sa nake yi.

Kowane ɗan wasa da ƙarar bugunsa. Ta ɗana gajeriya ce, busasshiya, kamar an rufe murfin akwatin katako. Shekara biyu ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a fili na uku, ana tsakiyar wasa da la'asar. Ba a kai ga asibiti da shi ba.

Ya bar 'ya ɗaya, sunana aka sa mata, don haka Takwara nake ce mata. Shekararta goma sha bakwai, kuma ta fi shi ƙafa, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba. Wata bakwai da suka wuce ta hau kujera ta sauko da raket ɗinsa daga saman kabad. Sabo ne kusan fil, wata huɗu kawai ya yi yana wasa da shi. Irin na zamanin nan ne, baƙi, an yi shi da zaren kabon, a gindin mariƙinsa akwai 'yar na'ura da ke aika wa waya labarin kowane bugu: gudun ƙwallo, juyinta, da inda ta taɓa tsirkiyar raket ɗin.

Kocinta ya yi ta juya shi a hannu yana jinjina kai.

"Malama, wannan raket rufa wa mutum asiri yake yi," ya ce mini. "Ko ba ta buga a cibiyar raket ba, ƙwallo za ta tafi. Giram ɗari uku ne kacal, kuma yana shanye girgiza kafin ta isa hannu. Ga shi nan a rubuce a jikin kwali."

"Kwali kam ya iya magana," na ce.

Ranar da ta fara bugawa da shi ina kan bencina, ina laluben murfin gorar ruwa. Sai na ji an rufe akwatin katako. Na juya wajen fili na uku, ina jiran ɗan tarin nan da yakan yi kafin ya yi sabis, bugun fara wasa. Babu kowa a fili na uku sai mai shara yana jan tsintsiya. Aka sake rufe akwatin, a gabana, a fili na ɗaya, inda wani farin abu siriri yake tsalle.

Daga ranar ban sake fashin zuwa ba. Takwara ta ɗauka don ita nake zuwa.

"Tsohuwa, kin fi koci naci," takan ce. "Ko dai wani dattijo kika hango a kulob ɗin nan?"

"Da wane idon zan hango shi? Sai dai in ya yi tari."

Wasanta ya canza. Ƙwallonta ta yi nauyi, tana faɗawa kusa da layin baya ta yi ƙasa-ƙasa, abokan karawa suna ɗaga ta da ƙyar. A wata uku ta doke mata biyu da ba ta taɓa cin ko zagaye ɗaya a hannunsu ba. Koci ya ce raket ne. Amma in ta makara wajen shirya hannu, sai in ji ƙarar ta dusashe, in ji ta ja numfashi ta haƙora.

Wayar ma ba ta bar ta ba. Manhajar raket ɗin tana nan a kan bayanan babanta, ba wanda ya yi zuciyar gogewa. Duk yamma bayan atisaye sai ta jera mata lambobinta kusa da nasa, nata kullum a ƙasa. Wata rana muna cikin kicin ina tsince wake, ta karanto mini ranarsa ta ƙarshe.

"Minti arba'in da ɗaya. Bugu ɗari uku da goma sha biyu. Kaka, gudun yana ta raguwa tun daga minti na talatin, ba wanda ya lura." Ta ci gaba da karantawa. "Na ƙarshen a cibiya ya buga shi. Daidai tsakiya."

"Ajiye wayar nan ki miƙo mini faranti."

Ta miƙo da hannun hagu. Na ji ƙanƙara tana ƙara a cikin tawul ɗin da ta naɗe a gwiwar hannun dama.

Likitan ƙashi bai ɓoye mana ba. Jijiyar gwiwar hannun ta fara tsagewa. In ta huta mako shida, aka kuma gano abin da ke ja mata, za ta warke. In ta ci gaba yadda take, sai aiki, kuma bai yi alkawarin za ta sake riƙe raket ba. Ranar Asabar kuwa ake wasan fidda waɗanda za su wakilci kulob a gasar matasa, abin da ta yi shekara tana jira.

Koci ya ce laifin salon bugunta ne, raket irin wannan ba ya cin hannu, an gwada shi a ɗakin bincike. Na tambaye shi a hannun wa aka gwada shi. Ya yi dariya, ya ce ni da ma ba na yarda da komai.

Gaskiyar ita ce na san amsar tun makon farko. Raket mai giram ɗari uku, da tsirkiyar da aka ja daidai ƙarfin yarinya, ba ya yin wannan ƙarar. Nauyi ne ke yin ta, da tsirkiya mai tauri kamar katako. Na koyar da wannan a aji shekara da shekaru, da alli a hannuna. Na sani, na yi shiru wata bakwai, ina zuwa benci na biyu da gorar ruwana.

Ranar Alhamis da hantsi na ce ta raka ni wurin Mai Tsirkiya, mai ɗaura wa 'yan kulob tsirkiyar raket. Ɗakinsa yana bayan ofishin kulob, ɗan ƙarami, da taga ɗaya mai kallon filaye. Injin jan tsirkiya yana tsakiya, naɗe-naɗen tsirkiya a rataye a ƙusoshi, warin roba da man inji ko'ina. Dattijo ne, tun ina kan kujera yake wannan aikin. Yana da wata al'ada tasa: kowane raket yana da lamba a manne a wuyansa, kowace lamba tana da kati a cikin tsohon gwangwanin biskit. Raket ya zo, sai ya duba lamba, ya zaro kati, ya yi abin da kati ya ce. Ba ya tambayar wanda ya kawo.

"Malama, yau ke ce da kanki? Ko kin zo ki ci ni tara ne?"

"Na ajiye alƙalanci. Karanta mini katin raket ɗin nan."

Ya daɗe yana bincike a gwangwanin, fiye da yadda ya kamata. Sannan ya gyara murya.

"Lamba tamanin da huɗu. Jan tsirkiya: kilo ashirin da bakwai. Dalma giram goma sha biyu, a ɓoye ƙarƙashin robar saman kai. Mariƙi, naɗi biyu."

"Dalma kuma?" in ji Takwara.

"Babanki ba ya son raket mara nauyi. Ya ce kamar yana kora ƙuda da mafici. Ran da ya sayo shi ya kawo mini, muka ƙara masa. Allah ya jiƙansa."

"Ɗora shi a sikeli," na ce.

Ya ɗora. Giram ɗari uku da ashirin da huɗu, rabin ƙarin a can kan raket, inda ya fi jan hannu.

"Yarinya irin wannan nawa kake ja mata?"

"Ashirin da biyu. Da uku in ta matsa."

"Sau nawa ka ɗaura mata wannan?"

"Sau tara." Na ji ya ajiye katin a kan tebur a hankali. "Ban taɓa soke rubutun katin wanda ya rasu ba, Malama. Ba wanda ya ce in soke. Kuma tagar nan a buɗe take wuni. Ni ma ina jiyo shi daga nan." Na ji ya juyo wajena. "Ke kuwa ai kin riga ni ji."

Ba mu taɓa yin wannan maganar da shi ba. Ashe mu biyu ne.

"Me kika riga shi ji?" Takwara ta ce.

Na nemi kujera na zauna. Na faɗa mata komai, ban yi wa kaina ado ba. Na ce tun ranar farko na gane raket ɗin yana ɗaure ne da ƙarfin namiji mai shekara arba'in da biyar. Na ce duk bugun da ta yi babanta nake ji, kuma ina jin numfashin da take ja ta haƙora, na zaɓi wanda zan saurara.

A waje wani yana ta buga ƙwallo a bango, bugu mara daɗi, na sabon shiga.

"Ni na ɗauka ni kike zuwa kallo," in ji Takwara.

"Ban ga komai ba sai dishi-dishi shekara guda ke nan, Takwara."

"To a bar shi haka zuwa Asabar. Wasa ɗaya ne. Da shi na doke su."

"Da hannunki kika doke su, kuma guda ɗaya ne na dama. Ba za ki buga Asabar ba, ko da wane raket."

"In aka cire, shi ke nan fa. Ba za ki sake ji ba."

"Na sani."

"Ni ma ina ji, Kaka. Ba ke kaɗai ba ce mai kunne."

Wannan ban sani ba. Na miƙa hannu na lalubo nata. Gwiwar hannun da zafi rau, kamar an ɗauke ta daga kusa da murhu.

Ita ta karɓi almakashin daga hannun Mai Tsirkiya. Ya nuna mata inda za ta fara.

"Daga cibiya, ki yi waje, tsaye ɗaya kwance ɗaya. In kika yanke gefe guda duka, raket ɗin zai karkace."

Ta yanka da hagu. Tsirkiyar farko ta tsinke da ƙara har sai da na zabura. Ta biyu ta fi ta sanyi. Kowace aka yanke, ta gaba sai ta rage murya, har na ƙarshe suka zama kamar ana yanke zaren ɗinki. Mai Tsirkiya ya ɓalle robar saman, ya ɓare dalmar, siraran faifai huɗu. Ya warware naɗin mariƙin. Na sama nata ne, fari. Na ƙasa ya yi duhu da gumi, ya lotsa inda babban yatsa ke zama. Ya tsaya yana riƙe da shi bai san inda zai sa ba, sai Takwara ta karɓa ta naɗe shi da dalmar ta sa mini a tafin hannu.

"Ga rabonki, Tsohuwa."

Ya zaro sabon kati, ya tambaye ta lamba nawa take so. Ta ce a bar tamanin da huɗun. Tsohon katin kuwa ya mayar da shi can ƙarshen gwangwani, bai soke komai ba.

Ba ta buga Asabar ba. Wata yarinya da Takwara ta taɓa dokewa ce ta samu gurbin, Takwara ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Koci ya ce shi da ma yana zargin nauyin. Ni dai ba ni da bakin ganin laifinsa. A mako na huɗu ta buɗe wa kanta sabon shafi a manhajar. Na babanta yana nan, ba ta goge ba, amma wayar ta daina jera su tare. A mako na bakwai likita ya matsa gwiwar ta ko'ina ya ce ta koma, a hankali.

Na bi ta ranar. Na zauna a benci na biyu. Filaye uku duk da mutane, fararen abubuwa suna ta kai da kawowa. Na kasa kunne. Akwai mai ƙara kamar tafi, akwai mai ƙara kamar an buga bokitin roba, akwai wata mai zaƙi, doguwa, da ɗan amo a bayanta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ban san wacce ce tata ba. Kaina yana ta juyawa wajen fili na uku da kansa, ina dawo da shi.

Da aka yi hutun shan ruwa ta zo ta zube kusa da ni tana haki.

"Yaya kika ji?"

"Wacce ce ke?"

Ta ɗauka wasa nake, sai da ta dubi fuskata.

"Fili na ɗaya, ɓangaren bango."

"Mai amon nan?"

"Ni ce."

"Hannun fa?"

"Shiru, babu ciwo."

Ta koma. Na sa hannu a jaka, yatsuna suka taɓa dalmar, da sanyinta ko a wannan rana. Na bar ta a nan. Na juya kunnena na dama wajen bango, na fara ƙirga bugunta daga ɗaya, yadda nake yi wa duk baƙon ɗan wasa har in haddace shi.