Dutsen Gugar Kawu

Sau uku fiyus yana ƙonewa a shagon wanki da guga na Kawu kafin azahar, shi ya sa ya aika a kira 'yar ƙanwarsa. Gyaran wuta ne sana'arta, shekara goma sha ɗaya ke nan, amma a gida har yau Uwar Wayoyi ake ce mata, sunan da shi Kawun ya laƙaba mata don zolaya.

Ta tarar da shagon tsit. Kaya jibge a kan tebura, dutsen guga huɗu sun yi sanyi, Dogo, babban mai gugar shagon, yana zaune yana fifita da kwali.

"Yauwa, 'yar nan," in ji Kawu. Ya miƙo mata wata waya mai kauri kamar igiyar shanya. "Naɗa wannan a gurbin fiyus ɗin. Na gaji da wannan siririn abu mai ƙonewa kamar ashana."

"Kawu, bari in fara aunawa."

"Aunawa kuma? Hatsi ne?"

Ta sa sabon fiyus, ta ciro mita daga jaka. Wutar bango bolt ɗari biyu da ashirin ce, lafiyarta lau. Ta ce Dogo ya riƙa kunna duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana duba yawan wutar da kowanne ke ja. Na farko amp biyar. Na biyu da na uku haka. Da aka zo kan na huɗu, wani tsohon dutse mai mariƙin katako wanda Kawu ya fara sana'a da shi, mita ta nuna goma.

Ta juya takardar shaidar karɓar kaya ta rubuta a bayanta.

"Duba nan, Kawu. A cikin kowane dutse akwai wayar da ke yin zafi, kuma tana turje wa wuta. In ka raba bolt da amp, ka san turjiyarta. Ɗari biyu da ashirin raba biyar, arba'in da huɗu. Naka kuwa raba goma ne, ashirin da biyu. Rabi ke nan. In kuma ka ninka bolt da amp, ka san ƙarfin da yake ci. Waɗancan wat dubu da ɗari ɗaya kowanne, naka dubu biyu da ɗari biyu. Shi kaɗai yana cin na mutum biyu."

"Kamar mai shi," Dogo ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Kawu ya galla masa harara.

"Wa ya taɓa dutsen nan?" ta tambaya.

Kawu ya kau da kai. Can Dogo ya ce wayar cikinsa ta tsinke makon jiya, Kawu ya yanke inda ya lalace da hannunsa, ya ɗaure abin da ya rage.

"To shi ne. Waya ta gajarce, turjiya ta ragu, wuta ta samu hanya. Fiyus ɗin nan amp ashirin yake ɗauka, kuna ɗora masa ashirin da biyar. Ba shi da laifi. In na sa wayar da ka ba ni, ba za ta ƙone ba, wayar cikin bango ce za ta ƙone, ga tufafin mutane jingine da ita."

"Ke!" Kawu ya miƙe. "Tun ba a haife ki ba nake guga da dutsen nan. Ni na kai ki makarantar da kike min fahariya da ita. Za ki naɗa ko in kira wani?"

Ba ta taɓa musa masa ba. Mutumin nan shi ya riƙe su bayan rasuwar babanta. Amma ta dubi lissafin, ta dubi soron da iyalinsa ke kwana a saman shagon.

"Kira wanda kake so, Kawu. Hannuna dai ba zai naɗa ba. Kuma duk wanda ya zo, a nan zai same ni, in nuna masa takardar nan."

Ta ɗauki filaya, ta datse wayar tsohon dutsen daga tushe, ta cusa dutsen a jakarta.

"Ajiye min kayana!"

"Jibi zan dawo da shi da sabuwar waya a ciki. In ka ga dama ka kai ƙarata wurin Inna."

Ya kai ƙarar kuwa, a ranar. Inna ta saurari yayanta har ya gama, sannan ta ce ita ba ta san amp ba, amma ta san 'yarta ba ta taurin kai a banza.

Dogo da abokan aikinsa suka ƙarasa gugar da duwatsu uku, fiyus bai ko yi ɗumi ba. Kwana biyu Kawu ba ya amsa gaisuwarta. Ran da ta dawo da dutsen, ta jona shi a gabansa, mita ta nuna biyar. Ya jujjuya shi, ya ce ya rage zafi, an lalata masa kaya. Ta ce haka zai zauna. Ya ja tsaki, ya shimfiɗa riga, ya ci gaba da guga.