Tankin Garin da Ya Faɗo Gidanmu

"Umma, ai wutar ta wajen gona ta fita, to me ya turo tankin gidanmu?"

'Yata Rauda ce ta yi tambayar a gaban Alhaji Kalilu, mai injin niƙan da ke jikin katangarmu a Zango. Jaje ya zo. Ƙurar garin gero ce ta kama wuta ta fashe cikin tankinsa, tankin ya kife a kan rumfar da 'yata ke wasa. Allah ya sa tana makaranta.

"Saboda ku na sa aka yi masa bakin fitar wuta ta gabas, wajen gona, Kubura," in ji shi. "Ƙaddara ce."

"Ƙaddara, Alhaji? Ko maharbi ya san bindiga na dukan kafaɗa in ta tashi! Wa ya auna maka ƙarfin da zai koma baya? Ƙafafu sirara mai walda ya liƙa wa tankin, ko kafe su ba a yi ba!"

Ya ce gobe za a mayar da shi wurinsa. Na ja mayafina sai gidan mai unguwa.

In irin tankin nan na kusa da ku, kada inda bakinsa ke kallo ya ruɗe ku. Ku kwashe 'ya'yanku daga bayansa.