Da'irar Fusena

Da aka zo rabon filin marigayi Babansu a Kasalgu, Ɗankande ya nuna wa ƙanwarsa Fusena wata da'irar koriyar ciyawa, wadda faɗinta bai fi ɗaki ba, ake kuma cewa ta aljanu ce.

"Duk abin da ke cikin nan naki ne, har abada," in ji shi, a gaban mai unguwa Imoru. "Ki yi ta noma da aljanu."

Aka yi dariya. Ita kuwa kaɗanyar Baba take so, don man kaɗe take sayarwa a Tishigu. Kaɗanyar na taku tara daga bakin da'irar, a rabon Ɗankande.

Damina shida suka wuce. Ran nan Ɗankande ya auna, ya ga saura taku biyu da'irar ta kai kaɗanyar.

"Ke Fusena! Wa ke tura abin nan?"

"Yaya, ai kai ka haɗa ni da aljanu. Maƙwabtan kirki ne."

Ya hau keke sai ofishin gona na Turawa, ya ɗauko malamin gona Abdulgafaru. Malam ya tona bakin da'irar, ya damƙo ƙasa mai fararen zare kamar auduga, ya shinshina.

"Babu aljani. Saiwar naman kaza ce. Ita da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani suke cin matacciyar ciyawa, su bar taki, su matsa gaba. Kowace damina sai ta ƙaru."

"To, yaya ake tsayar da ita?"

"Sai dai a kwashe ƙasar, amma ka kula da inda..."

Ɗankande bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauko shebur ya yi ta haƙa har la'asar. Fusena ta ce kada ya kuskura ya zuba mata ƙasa a fili, don haka ya yi ta jidarta a kwando yana zubarwa can bayan kaɗanya, a nasa rabon.

Ruwa ya sauka. Kafin ƙarshen damina koriyar ciyawa ta tashi shar a bayan bishiyar, ga naman kaza a jere, ta lanƙwaso ta haɗe da tsohuwar da'ira ta dama da hagu, ta sa kaɗanyar a ciki.

Aka kira Imoru. Ya zagaya sau ɗaya yana dogara sanda.

"Ɗankande, da bakinka ka ce abin da ke ciki."

Fusena ta ajiye ƙwaryarta a gindin kaɗanya.

"Sannu da aiki, Yaya. Wancan mangwaron naka, taku nawa ne daga nan?"