Warin da Ba na Noortje Ba

Kwana uku babur ɗin mijina Sjoerd yana ƙin tashi. Ranar Asabar da safe ya ciro batirin ya jona a caji a ƙarƙashin matakala. A hawa na biyu muke, kuma siririyar matakalar nan ita kaɗai ce hanyar fitarmu.

Muna cin burodi da cuku sai na ji warin ruɓaɓɓen ƙwai.

"Gimbiyarki ta yi aiki," in ji Sjoerd yana dariya.

Na duba ƙunzugun jaririyarmu Noortje, tsaf yake.

"Sjoerd, fis ɗin cajar da ya ƙone jiya, ka sayo sabo?"

"Na naɗe shi da takardar cakulan mai ƙyalli. Haba, masoyiya, ci burodinki."

Na leƙa ƙasa. Batirin ya kumbura, yana tsuwwa a hankali, daga jikinsa warin ke fitowa.

Ban tsaya gardama ba. Na rungume Noortje, na sauka ina manne da bango, na wuce shi ban ja numfashi ba. Daga titi, cikin yayyafi, na ƙwala wa Sjoerd kira ya kashe wutar gidan.

Har yanzu bai leƙo ta taga ba, batirin kuma yana tsakaninmu.