Wa Ya Taɓa Min Batir?

Abdulƙahhar ya danna madannin tayar da mashin, sai ya ji ɗan ƙyas kamar an ƙyasta jiƙaƙƙiyar ashana, daga nan shiru. Ya taɓa hon, ya yi wani siririn kuka ya mutu. Rana ta take tsaka, baburan da ke jere a bakin kasuwar Sabon Gari sun ɗau zafi har ƙarfensu ba ya taɓuwa, ga ƙullin yadi ɗaure a bayan mashin ɗinsa da wani tela ke jira a Titin Ibrahim Taiwo.

Kwanan batirin tara kacal. Wanda ya gabace shi wata guda ya yi ya mutu, kuma da Abdulƙahhar ya mayar da shi shagon Sylvester mai kayan babura, sai da suka yi cacar baki kafin a canja masa. A ranar Sylvester ya ce ya kai mashin ɗin a duba wayoyinsa, shi kuwa ya ɗauki maganar a matsayin zillewar ɗan kasuwa.

Yanzu ga na biyu ya bi sahu. Ya cire murfin gefe ya ƙura wa batirin ido. Ƙura ta lulluɓe shi, kan wayar ya yi fari-fari. Haka sabo yake tsufa cikin kwana tara? Ya tuna abin da matarsa Sharifa ta jiyo a gidan suna, wai masu gadin babura sun koyi cire sabon batir su maƙala matacce. A lokacin dariya ya yi. Yau bai yi ba.

Ya ɗaga kai. Baba Gana mai gadin wurin, dattijon da suke unguwa ɗaya a Kwaciri, yana zaune kan benci yana jan carbi. Kusa da ƙafarsa akwai wani buhu ɗaure, kuma bakin sukundireba ya leƙo daga aljihun rigarsa. Shekara shida Abdulƙahhar yana ajiye mashin a nan, bai taɓa lura da aljihun ba.

Ya tambaye shi abin da ke cikin buhun. Dattijon ya ce garin masara ne. Ya tambayi na aljihun, ya ce da shi yake ɗaure wa mutane madubi idan ya kwance. Amsoshin sun zo da sauri, saurin kuma bai yi wa Abdulƙahhar daɗi ba.

"Baba, ba wannan batirin na zo da shi ba," ya ce, muryarsa ta fi yadda ya nufa ƙarfi. "Wa ya taɓa min batir?"

Bai ce ɓarawo ba. Wani ne daga cikin masu jiran fasinja ya faɗa, wani ya amsa cewa shi ma nasa ya mutu a makon jiya. Kafin dattijon ya gama miƙewa an kewaye shi. Aka farke buhun, gari ya watse a ƙasa, amma babu wanda ya tsaya kallon garin. Abdulƙahhar ya ga hular Baba Gana ta faɗi, ya ga an ɗaga wani katako. Ya buɗe baki, sai ya ji zuciyarsa na cewa in ba shi da laifi me ya sa bai rantse ba? Ya rufe bakin. Sai da ’yan kwamitin kasuwa suka iso aka janye tsohon.

* * *

Da ƙafa ya tura mashin ɗin har shagon Sylvester, yana shirya yadda zai ce masa ko dai an sace, ko kuma tun asali tsoho aka wanke aka sayar masa.

Sylvester, wanda a Sabon Gari aka haife shi, Hausa kuma a bakinsa kamar ɗan Fagge, ya sunkuya gaban mashin ɗin. Ya kwance batirin, ya goge shi da tsumma, ya kifa shi. A ƙasansa akwai harafi da kwanan wata da jan fenti. Ya ce duk batirin da ya bar shagonsa sai ya yi masa wannan alamar, saboda masu dawo masa da na wani wuri.

Ya ɗaura wani batirin ya tayar da mashin, ya sa mita, ya murɗa totur. Allurar ba ta motsa ba. Ya nuna masa wata ’yar na'ura baƙa a ƙarƙashin kujera, ya ce ita ke mayar wa batir wuta idan ana tafiya, kuma ta daɗe da ƙonewa.

"Malam, ko goma ka sa, haka za su mutu," ya ce. "Babu wanda ya taɓa maka komai."

Abdulƙahhar ya zauna kan wata tsohuwar taya.

* * *

Sharifa ta riga shi jin labarin. Ta ce an karya wa Baba Gana hannu, kwamiti kuma ya ba wani wurin gadin, tunda mutane sun ce ba za su ƙara bar masa babur ba. Da ya gaya mata abin da mita ta nuna, sai ta ce ai shi bai doki kowa ba. Ta sake faɗa, a hankali.

Washegari da hantsi ya sayi lemo ya nufi gidan. Inna Falmata, matar dattijon, ta amsa sallamarsa daga bayan ƙyaure. Ta dube shi, ta dubi ledar, ta matsa gefe ba tare da ta ce ya shigo ba.

Baba Gana na kwance kan tabarma a zaure, hannun dama ɗaure da karare, ido ɗaya a kumbure. Abdulƙahhar ya cire takalmi, ya matso, ya durƙusa zai gaishe shi.

Tsohon ya buɗe ɗaya idon ya gane shi. A hankali ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kare kansa.