Hannu a Dunƙule

Likitar ta ɗaga hannu kamar mai rantsuwa, ta lanƙwasa babban yatsa cikin tafi, ta rufe shi da sauran. Wannan, in ji ta, ita ce ƙwaƙwalwa. Babban yatsan shi ne mai gadin da ke can ciki, wanda ba ya tambayar sunan baƙo kafin ya busa usur. Yatsun da suka rufe shi kuwa su ne masu tunani, na bayan goshi. In rai ya ɓaci sai su ɗage, a bar gida a hannun mai gadi.

Injiniya ya dubi nasa hannun. Ya ba hamsin baya, sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya sanyaya rabin ofisoshin gari, amma sai yau ake koya masa numfashi a kan kujera mai laushi. Bai gaya wa kowa yana zuwa ba. A gida ya ce wani otal ne injinsa ke yawan ciwo.

Dalilin zuwan yana jikin ƙofar kicin, inda ya ɓurma katako da naushi daidai tsayin kafaɗa. A ranar, matarsa ba ta yi kuka ba. Ta share wurin, ta ce in aka sake, ita da 'yarsu Auta za su tafi, kuma ba za ta tsaya jin bayani ba.

Ya zama ɗalibin kirki. In abin ya taso, sai ya rufe yatsan, ya dubi hannun, ya ja numfashi ya sake shi a hankali, don likita ta ce doguwar fitar numfashi ce ke taka wa zuciya burki. Ya gwada a kan direban da ya sha gabansa, ya ci. Ya gwada a kan manajan da ke kiransa "kai mai gyara", ya ci. Gida ya yi tsit, har ya ƙara ƙiba. Bai lura Auta ta daina kunna talabijin in yana nan ba, balle wuƙaƙen kicin da suka bar inda suke.

Wata Asabar da rana, ya baza kayan aiki a tebur, Auta ta kawo masa shayi. Tire ya karkace, shayin ya malala cikin mitarsa ta awon wuta. Zafi ya hau wuyansa. Ya gane shi, ya kira sunansa a zuci: fushi ne. Ya dunƙule hannu, ya ɗaga shi daidai fuska, ya zuba masa ido yana sakin numfashi. Yatsun suka riƙe. Har murmushi ya yi.

Da ya ɗago, matarsa na tsaye tsakaninsa da yarinyar, tana tura ta da hannu ta baya.

"Tafi wurin gwaggonki. Kar ki tsaya neman takalmi."

"Ba abin da kike zato ba ne," ya ce, da sabuwar muryarsa mai laushi. "Wannan ƙwaƙwalwa ce."

Ta dubi dunƙulen, ta dube shi.

"Baban Auta, da kana ihu mun san inda kake. Yanzu wata da watanni kana kallon hannunka kana murmushi. Ni ba zan zauna jiran ranar ba."

Ya so ya yi mata bayani tun daga farko, amma ya ga jijiyar wuyanta na harbawa, kuma an koya masa cewa wanda tsoro ya kama ba ya ɗaukar karatu, sai an ba shi lokaci. Sai ya ba ta. Ya zauna, ya bar ta ta shige ɗaki, bai bi ta ba, daidai yadda ake so.

Shayi na ɗiga daga tebur zuwa ƙasa. Can ciki ya ji an jawo abu mai nauyi daga saman kabad, sannan zif ɗin akwati ya yi doguwar tafiya. Ya ɗora yatsa a wuyan hannunsa. Zuciyar na tafiya sannu-sannu, bugu bayan bugu. Bai taɓa jin ta lafiya haka ba.